Baƙar Mayya a Saman Ƙofa

"Wannan shi ne aikin?"

Don Arcesio ya ɗaga takardar da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci mushen ɓera a rumbu.

"Baba, don Allah..."

"Ba da ke nake ba, Lucero, da shi nake. Kai, ɗan Bogotá! Tun sassafe ka dasa kanka a gindin gora, sauro ya sha jininka har ya gode Allah, abin da ka samo mana ke nan? Tsuntsu ɗaya tal?"

Damián ya gyara zaman tabaransa, ya yi wani guntun murmushi irin na wanda ke haƙuri da ƙaramin yaro.

"Barranquero ne, Don Arcesio. Dubi jelarsa, yadda take..."

"Na san shi. Tun kafin a haifi ubanka yake haƙa rami a gangaren gonar nan, bai taɓa zuwa ya ce in yi masa hoto ba." Ya saki takardar ta faɗi kusa da kwanon wake. "Ofelia, ƙara wa baƙonmu abinci. Ya gaji, ya wuni yana kallon tsuntsu."

Lucero ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suna zafi. Ta ɗauke zanen kafin miya ta taɓa shi. Wallahi ko maƙiyi ya kalli tsuntsun nan sai ya ji kamar zai ƙifta ido, amma mahaifinta irin mutanen nan ne da ba su san wani aiki ba in ba wanda ake yin gumi a kansa ba.

Ita ce ta kawo Damián gidan, kuma da dalilinta. Gonar gahawarsu, El Yarumo, tana kan tsaunukan da ke bayan garin Pijao, shekara da shekaru suna sayar wa dillalai a buhu, dillalan suna ƙiba su suna ramewa. Da ta gama karatu ta dawo gida sai ta ce an gama wannan wautar. Za su soya gahawarsu da kansu, su zuba a 'yan jakunkuna masu sunan gonarsu, baƙin da ke zuwa kwana a gonar don yawon buɗe ido su saya su tafi da ita. Jakar kuwa tana son hoto, bangon barandar gaba ma yana son hoto, kuma ba kowane hoto ba: tsuntsaye da furanni da ƙwarin da ke rayuwa a cikin gonar.

Ta nemi masu zane da yawa. Duk sai su ce ta turo sunayen dabbobin, za su duba a waya su zana. Damián ne kaɗai ya ce:

"Ba na zana abin da idona bai gani ba. In kina so sai dai in zo in zauna."

Wannan maganar ce ta kama ta, tun kafin ta ga fuskarsa.

*

Makonni suka shuɗe tana yawo da shi cikin gonar. Ita ta san inda 'yan tsuntsayen nan masu tsotsar fure suke zuwa da hantsi, ta san bishiyar da furen orkid ke maƙalewa, ta san rafin da kwaɗi masu launin ganye suke. Shi kuma ya san yadda ake zama shiru. Yakan kwanta rubda ciki a kan laka don ganin ƙasan ganye ɗaya, ya ƙirga jijiyoyinsa da ido, sannan ya ɗauki fensir.

Wata rana a gindin bishiyar yarumo, wadda iska ke juya ganyenta su yi fari kamar azurfa, ya ajiye fensirin ya dube ta.

"Kin san me ya fi ba ni wahala a gonar nan?"

"Baba."

Ya yi dariya. "A'a. Ke. Kullum ina ƙoƙarin zana ki a ɓoye, kullum ina yagawa."

"Ni tsuntsuwa ce?"

"Tsuntsuwa tana zama wuri ɗaya in ka yi haƙuri. Ke kin shiga ƙirjina kina ta zagaye... Lucero, ina sonki. Ban zo da niyyar haka ba, amma ga shi."

Ta rufe fuska da hularta.

"In Baba ya ji, da adda zai raka ka tasha."

"To ki ce min wani abu kafin ya ji."

"Ni ma..." Ta sauke hular. "Ni ma ina sonka, Damián."

Ya kama hannunta ya sumbata. "Rabin raina. Wata rana zan ɗauke ki ki ga duniya. Kin fi ƙarfin wajen nan, kin fi ƙarfin mutanen nan."

Ta ji maganar sarai. Sai dai so hana ganin laifi, ta ɗauke ta a matsayin yabo ta adana.

Mahaifiyarta ta fara gaya wa, a kicin, suna mulmula arepa, wainar masararsu. Doña Ofelia ta share hannu a zaninta ta rungume ta.

"Na sani tun tuni, 'yar nan! Yaron da ke cinye wakena har ya suɗe kwano ba zai zama mugu ba. Bar min ubanki, na san inda nake kama shi."

Da maganar ta isa kunnen Don Arcesio kuwa, tsaki ya ja mai tsawo.

"Namijin da tafin hannunsa ya fi naki laushi? In yunwa ta zo me za ku ci, hoton ayaba?"

"Baba, aikinsa sana'a ce, ana girmama shi a..."

"A Bogotá. Can ai har mai sayar da iska girmama shi ake yi." Ya sa hularsa ya fita. Amma bai ce a'a ba, kuma duk wanda ya san Don Arcesio ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

*

Bangon baranda ya cika kaɗan-kaɗan. Gora ta miƙe daga ƙasa har rufi, jajayen 'ya'yan gahawa suka zagaye taga, barranquero ya zauna a reshe yana kallon masu shigowa. Wuri ɗaya ne ya rage fari, saman babbar ƙofa, kuma Damián ya ƙi faɗin abin da zai sa a can.

"Sarauniyar bangon ce za ta hau," in ji shi. "Na same ta a rumfar shanya gahawa, tana barci a jikin katako. Ban taɓa ganin halitta irinta ba."

Ya rataya zanin gado ya rufe wurin, ya yi kwanaki yana aiki a bayansa. Ran Lahadi da suka dawo daga coci ya tara su a baranda. Doña Ofelia ta fito da faranti ɗauke da kofuna, tana fara'a, ta sa rigarta mai kyau.

Ya janye zanin.

Farantin ya faɗi, kofuna suka tarwatse.

"Wayyo Maryamu uwar Yesu!"

Baƙar mayya ce. Ƙaton malam-buɗe-littafin nan mai yawon dare, wanda ya kai faɗin tafin hannun babban mutum, Damián ya ninka ta har ta kai tsawon kamu biyu, ta buɗe fukafukai a saman ƙofar gidansu. Kowane yaro a tsaunukan nan ya san abin da ake nufi in ta shiga gida ta sauka a kan ƙofa: za a fitar da gawa ta wannan ƙofar.

Lucero da ta yi jami'a, da take dariyar irin waɗannan maganganu a gaban ƙawayenta, sai da tsigar jikinta ta tashi.

"Damián... me ka yi?"

"Me na yi? Dubi fukafukin! Ba baƙa ba ce ma, akwai shunayya, akwai ruwan ƙasa, dubi farin layin nan..."

"Ka cire ta!" Doña Ofelia tana ja da baya, tana yin alamar gicciye a goshi da ƙirji. "Ka cire min ita daga ƙofa, ɗana, don girman Allah!"

Damián ya dubi Lucero, ya dubi uwar, sai ya yi dariya. Dariya fa, har da girgiza kai.

"Haba, Doña Ofelia! Ba dai da gaske kike ba? Ƙwaro ne, ruɓaɓɓen mangwaro yake ci."

"Ka san abin da ake faɗa a kanta?" Lucero ta tambaya a hankali.

"Wa bai sani ba? Ai shi ya sa na sa ta a saman ƙofa. Mutanenku suna kashe ta da takalmi saboda tatsuniya. In suka gan ta a nan, da girma, da kyau, wataƙila su ji kunya su waye."

Doña Ofelia ta jingina da ginshiƙi, hawaye suna gangaro mata.

"Ta shigo ɗakinmu sau ɗaya. Ta sauka a kan ƙofa. Kafin mako ya zagayo muka binne Hernán, yayan Lucero, yana ɗan shekara huɗu..."

Mai hankali a nan zai durƙusa ya ba da haƙuri. Damián ya sassauta murya, abin da ya fito daga bakinsa kuwa gara a ce shiru ya yi.

"Allah ya jiƙansa. Amma ai kin san ba ita ta kashe shi ba."

Don Arcesio ya dubi bangon ya daɗe, sannan ya dubi Damián daga takalmi har tabarau.

"Ka ga aikin masu ilimi," ya ce. "An ba ka ɗaki, an ba ka abinci, ana shirin ba ka 'ya, ka rasa tukuicin da za ka ba matar gida sai wannan. Ka goge ta."

Ya kama hannun matarsa, suka zagaya ta bayan gida.

*

Bai goge ba. Yau ya ce fenti bai bushe ba, gobe ya ce bari hankali ya kwanta. Ga Lucero kuma sai daɗin baki.

"Masoyiyata, ki bar su su saba. Tsoro kamar ciwon haƙori ne, sai an taɓa wurin ake warkewa."

Ba a kai ga sabawa ba. Wata safiya ana tsinkar gahawa a gangare, Don Arcesio ya dafe ƙirji ya zube tsakanin bishiyoyi. Ma'aikata suka ɗauko shi a kan buhu, aka sa shi a tsohuwar motar jif ta maƙwabcinsu, aka yi asibitin birnin Armenia da shi. Likita ya ce zuciya ce, da hawan jinin da ya daɗe yana ɓoyewa, da soyayyen naman aladen da aka hana shi ya ƙi hanuwa.

Wa zai gaya wa Doña Ofelia haka ta ji? Ko maƙwabta da suka zo jaje, a tsakar gida suke tsayawa, su saci kallon saman ƙofa su kawar da kai. Wata tsohuwa ma ta tofar da yawu ta ce ita ba ta taɓa ganin gidan da ya kira mutuwa da kuɗinsa ba.

Da safe Lucero ta shiga kicin kamar kullum, ta rusuna.

"A sa min albarka, Mama."

Tun tana koyon magana ba ta taɓa faɗin haka an ƙi mayar mata ba. Yau uwar ta ci gaba da juya tukunya.

"Mama... a sa min albarka."

"Wace albarka ta rage min? Ubanki yana kwance da roba a hanci, abin nan yana kan ƙofata, kina kai wa wanda ya zana shi gahawa har ɗaki." Ta juyo, idanunta jajur. "Ni na tsaya masa, Lucero. Ni na ce yaron kirki ne. Ki je wajensa ya sa miki albarka, tunda shi ne mai ilimi."

Lucero ta fita bayan kicin ta yi kuka har ta gaji.

Allah ya taimaka, Don Arcesio ya farfaɗo. Likita ya ce ran Juma'a za a sallame shi, amma a keken marasa lafiya, kuma kada ya kuskura ya hau matakala. Nan fa ake yinta. Ƙofar baya matakala ce mai tsayi. Hanya ɗaya ce keke zai bi ya shiga gidan, ta baranda, ta ƙarƙashin fukafukan baƙar mayya.

"Gara ya mutu a asibiti da a shigar min da shi ta nan," in ji Doña Ofelia. Kuma ba wasa take ba.

Lucero ta sami Damián a ɗakinsa yana wanke burushi, yana 'yar waƙa.

"Na sami labari mai daɗi!" ya ce kafin ta buɗe baki. "Mutanen wata mujalla za su zo daga Bogotá ran Asabar su ɗauki hoton bangon. Na tura musu mayyar, sun haukace! Kin san abin da wannan zai yi wa gonarku?"

"Baba zai dawo ran Juma'a."

"Madalla, ai sai ya ga baƙi."

"Damián, ta ƙofar gaba zai shiga. Ka goge ta yau."

Ya ajiye burushin. "Kwana ɗaya kawai. Ya ƙara kwana a asibiti mana, ko a ɗauke shi a hannu ta baya."

"Ubana ne fa! Ba buhun gahawa ba!"

"To a rufe da zani."

"Mama ta san abin da ke ƙarƙashin zanin. Ka ɗauki hotonta da kanka, ka zana wata a takarda, ka zana goma! Ni zan rataya a ɗakinmu in mun yi aure, wallahi. Wannan ɗayar kawai nake roƙo..."

"Ba ki gane ba." Ya miƙe. "Wannan ita ce mafi kyawun abin da hannuna ya taɓa yi. Kuma in na goge, na yarda ke nan cewa ni na kwantar da ubanki. Na yarda ƙwaro yana kisa. Ba zan sa hannu a wannan ƙauyancin ba."

"Ƙauyanci?"

"To mene ne sunansa? Mace ta haura hamsin tana tsoron fenti a bango! Ke kuma da digirinki kina tsaye kina rawar jiki." Ya matso ya dafa kafaɗunta, muryarsa ta yi taushi. "Hasken idona, ki daure. Da mun yi aure zan fitar da ke daga duhun nan, ba za ki ƙara jin wannan shirmen ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Wannan shi ne mutumin da ke kwanciya a laka rabin wuni don kada ya yi wa ganye ɗaya ƙarya, wanda ke riƙe numfashi don kada ya firgita ɗan tsuntsu. Ya zauna a teburin uwarta wata da watanni, bai taɓa yi mata kallon da yake yi wa kwaɗo ba. Wani abu ya taso mata daga ciki, kuma ba fushi ba ne. Raini ne, mai sanyi, irin wanda in ya shiga zuciya ba ya fita da ban-haƙuri.

Ta zame kafaɗunta ta fita.

*

Ran Juma'a da hantsi, Damián ya sauka rafi neman wani fure. Lucero ta ɗauko tsani da bokitin farar ƙasar da ake shafe bango da ita duk shekara.

Da ta hau ta zo daf da zanen, sai hannunta ya ƙi ɗaguwa. Daga ƙasa baƙa ce. Daga nan kuwa launi ne a kan launi, gashin jikinta ɗaya-ɗaya, ƙananan zobba kamar idanu, gefen fukafuki ɗaya a ɗan yage kamar yadda ya gan ta a rumfa. Ya yi gaskiya, bai taɓa yin abin da ya kai wannan ba, kuma ta san ba lalle ya ƙara ba.

Ta tsoma burushi ta shafa.

Farar ƙasa tana gangaro mata ta gwiwar hannu, hawaye suna gangaro mata ta haɓa. Shafa ɗaya ba ta rufe ba, baƙin yana leƙowa, sai da ta maimaita.

"Lucero!"

Furen da ke hannunsa ya faɗi. Ya rugo ya kama ƙafar tsanin.

"Kin haukace? Sauko! Me kika yi min?"

Ta ƙarasa kusurwar da ta rage, sannan ta sauko a hankali.

"Na roƙe ka."

"Kin roƙe ni! Kin san kwana nawa na yi a kanta? Me zan gaya wa mutanen mujalla? In ce matar da zan aura ta hau tsani ta shafe aikina saboda uwarta ta yi mafarki?"

"Ka gaya musu duk abin da ka ga dama."

Ya dube ta, farar ƙasa a gashinta, a kumatunta, a tsohuwar rigar gona. Leɓensa ya karkace.

"Ashe ke ma irinsu ce. Na zaci na tsinci zinariya a cikin laka."

"Irinsu ce. Su suka haife ni." Muryarta ba ta yi rawa ba, ita kanta ta yi mamaki. "Lakar da kake faɗa ita ta ciyar da kai tun zuwanka. Ka iya kallon ƙwaro, Damián, ban taɓa ganin wanda ya kai ka ba. Mutum ne ba ka iya kallo ba."

"In na fita daga gidan nan ba zan dawo ba."

"Na sani."

Ya tsaya yana jira ta kama rigarsa. Allah ya sani zuciyarta ta kama, har ta durƙusa tana roƙo. Hannuwanta dai suna riƙe da bokiti.

Yana ɗaure jakunkunansa jif ta iso. Aka sauko da Don Arcesio, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Doña Ofelia ta ɗaga kai a tsorace, ta ga farin bango yana sheƙi da danshi, ta dubi 'yarta, ta rufe baki da hannu. Ita da kanta ta tura keken ta ƙarƙashin ƙofar. Da ta zo wucewa ta ɗora yatsa a goshin Lucero ta zana gicciye.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Motar da ta kawo uban ita ta tafi da Damián. Ya yi sallama da direba, bai yi da kowa ba. Zanen jakunkunan gahawa ya bar su a kan tebur a jere, ko ɗaya bai ɗauka ba.

*

Da yamma Don Arcesio ya sa aka fito da shi baranda. Matarsa tana kicin tana dafa masa miyar kaza marar gishiri, ana jin tana rera waƙar coci. Lucero ta zauna a dandamali kusa da ƙafarsa, tana kallon hanyar da motar ta bi.

"Ke kika goge?"

"Ni ce, Baba."

"Ba shi ba."

Ta girgiza kai.

Ya ja tsaki, amma ba ƙarfi a cikinsa. "Duk kwanakin nan ina kwance ina cewa, in yaron nan ya goge da hannunsa, na ba shi ke, ko da hoton ayaba za ku ci." Ya ɗaga kai ya dubi farin wurin. "Ya iya zane, ɗan banza. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba. Kada ki gaya wa uwarki."

Ta juyo da sauri. "Baba... ba ka ji tsoronta ba?"

"Ni? Ƙwaro?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Naman alade ne ya kayar da ni, da taurin kai. Hernán kuma sanƙarau ya kashe shi, a hannuna ya cika, ni likita ya gaya wa. Ƙwaro bai taɓa kashe kowa ba."

"To me ya sa ka ce a goge? Me ya sa ba ka taɓa gaya wa Mama..."

"In gaya mata me? In ce mun makara kai shi asibiti? Bar ta da mayyarta, ta fi sauƙin ɗauka." Ya rage murya, ya leƙa wajen kicin. "Tun ranar da muka binne shi, kullum kafin uwarki ta tashi nake zagaya gidan nan da tsintsiya. Ƙarƙashin rufi, bayan tagogi, saman ƙofofi. In na ga ɗaya in kore ta can cikin ayaba. Ba ta sani ba, tana zaton addu'arta ce ta raba mu da su. Waccan ta rumfar shanya ce ta sha min."

Lucero ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofar.

"Shirme ne, 'yata, na fi ɗan Bogotá sanin shirme ne. Amma shirmen matata ne."

Ta kifa kanta a gwiwarsa, kukan da ta danne tun hantsi ya ƙwace mata.

"Ina sonsa, Baba... har yanzu ina sonsa..."

"Na sani. Yi kukanki, zai daɗe bai sake ki ba." Ya ɗora busasshen tafinsa a kanta, ya bar ta har sai da kafaɗunta suka daina rawa. Sannan ya sunkuyo daidai kunnenta.

"Tsintsiyar tana bayan tankin ruwa, mai dogon icen. Ƙafata ba za ta ɗauke ni ba yanzu. Gobe da sassafe ke za ki zagaya, kuma ki taka a hankali, barcin uwarki ba shi da nauyi."